Ranar da Mma Ta Ajiye Azumi a Ƙasa

Tun kuna ƙanana kuke jin mutanen unguwa suna yi mini dariya in na tsaya a bakin ƙofa na ƙwala wa yayanku kira da sunansa na yanka, Abdulkarim, sai ka ce ba shi ne ɗan farina ba. Kun kuma lura duk zuwan da Innarku Azumi za ta yi daga Bawku, ba ma daɗewa sai ’yan maganganu su fara shiga tsakaninmu. Kwanaki na ji ɗaya daga cikinku tana gaya wa ’yar’uwarta wai rabon kayan mahaifiyarmu Mma ne ya haɗa mu. Ba haka ba ne, kuma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa zan rubuta yadda abin yake tun hannuna yana iya riƙe biro. Karatuna bai wuce firamare ba, ku yi haƙuri da rubutun. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba, don ba na son in tsaya gaban Allah da maganar da na ƙara wa waɗanda suka riga mu.

Gidanmu a Salaga tsohon gidan Hausawa ne, kakanninmu da fataucin goro suka zo. A irin waɗannan gidaje uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye ta ma sai ta ce ba nata ba ne. Ni kuwa kunyata biyu ce, don ni ce ’yar fari, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, Maimunatu. Saboda haka Mma ba ta da abin kirana sai “ke”, in tana magana da wani kuma ta ce “waccan”. In ta zuba mini tuwo sai ta ture kwanon gefe ta ce a zo a ɗauka. Kitsona maƙwabciya ke yi. Ban ga aibun wannan ba da farko, na ɗauka haka iyaye mata suke. Sai da aka haifi Azumi na ga Mma tana da wata murya da ban taɓa ji ba. Azumi, Azumina, Azumin Mma, daga safe har yamma. Ta ɗora ta a cinya ta yi mata kitso, tana hura mata iska a kai in ta ce da zafi. Ni ina gefe da tsintsiya a hannu, ina share wurin da na riga na share.

Ban cika shekara goma ba soja suka karɓi mulki, suka ce ’yan kasuwa ne suka lalata ƙasa. Baba yana da shago a bakin kasuwa, yana sayar da sabulu da sukari da madara da kifin gwangwani. Aka kawo abin da ake kira kontrol, wato farashin da gwamnati ta yanka, wanda bai kai yadda Baba ya saro kayan ba. Sai ya kwashe wasu kwalaye ya kai gida ya tura ƙarƙashin gadon ɗakin baƙi. Wani ya kai ƙara. Ban san ko wane ne ba, kuma kada ku yarda da duk wanda ya ce muku ya sani. Da hantsi suka zo. Suka kwantar da Baba a kan tebur a tsakiyar kasuwa suka yi masa bulala, suka aske masa rabin kai da fasasshiyar kwalba. Ban gani da idona ba, amma kasuwa ba ta da nisa da gidanmu, muna jin komai. Mma ta jawo Azumi jikinta ta toshe mata kunnuwa da tafukan hannunta. Ni na toshe nawa da kaina.

Suka tafi da shi bariki a Tamale. Da suka sako shi bai daɗe a gida ba wani abokinsa ya raɗa masa cewa za a sake zuwa, sai muka wayi gari babu shi. Soja suka sa wa shagon kwaɗo, suka sa wa ɗakin Baba. Mutanen da da suke cika mana zaure suka koma bi ta bayan gida don kada a gan su a ƙofarmu.

Ana cikin haka Goggo Ladi ta zo daga Yendi. Yayar Baba ce, matar wani malami da Dagwamba ke kira Afa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta taya Mma ɗaure kaya. Aka ce za mu Bawku wurin dangin Mma, na yi murna, har na wanke takalmin robana na shanya. Muka shiga babbar lori mai bencin katako, Azumi a cinyar Mma, ni a matse tsakanin Goggo da buhun doya. Da muka isa tashar Yendi sai na ga yaron mota ya jefo ƙunshin kayana daga sama. Na ce masa ya yi kuskure, mu Bawku za mu. Goggo ta kama hannuna.

“Sauko, Maimuna. Nan ne naki Bawkun.”

Na duba Mma. Ta juya fuska wajen masu tallan gyaɗa, tana gyara wa Azumi ɗankwali. Ban sani ba ko idonta ya kawo ruwa, ban ga fuskar ba, ba zan ce na gani ba. Sai da direba ya tayar da mota ta yi magana, ba da ni ba, da Goggo.

“Yaya, a gaya wa waccan ta daina shiga ruwan sama. Ƙirjinta ba ya so.”

Azumi ta ɗago mini hannu da ƙuli-ƙuli a ciki. Har lorin ta sha kwana ina ganin ƙafafunta biyu suna lilo a kan cinyar.

Ba zan zalunci Goggo ba. Ta riƙe ni riƙo na gaskiya, ta sa ni makaranta, kuma ita ta fara kiran sunana sau goma a yini har ya zama kamar nawa. Ta ce dama tun ranar sunana Baba ya ba ta ni, soja gaggauta abin kawai suka yi. Afa ma mutumin kirki ne, in ya dawo daga wa’azi yakan ajiye mini ƙosai a kan taga. Amma ni jikina ne kawai a Yendi. In ina shan koko da safe sai in ce yanzu Mma tana fifita wa Azumi nata. In na kwanta a tabarma sai in tuna wurin nan a bayan Mma, inda zanenta ke ƙanshin man kaɗanya da hayaƙi, in ce yanzu Azumi tana can ta baje ita kaɗai. In direbobin Bawku sun kawo saƙo, albasa ce da daddawa, a ce Mma ta aiko wa gida. Ba a cewa ta aiko mini. Sau ɗaya aka haɗo da yankin atamfa, direban ya ce irin ta Azumi ce sak. Na shimfiɗa ta na duba, na ga babu bakin zanen mai ado a nawa yankin, na san wa ya samu. Na kai sati ina wannan tunani, sannan na koma ina jin tsoro ko tunanin zunubi ne, na je na tambayi Afa ko ana rubuta wa yaro abin da ya raya a zuci. Ya yi dariya ya ce in je in yi wasa. Ban yi wasa ba, na je na sake duba atamfar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar Baba. Kullum na tambayi Goggo inda yake sai ta ce yana hannun Allah. Wata rana na ji tana hira da wata mai sayar da albasa, matar ta rage murya ta ce ai yana ƙetaren iyaka, yana shigowa Bawku a keke ranar kasuwa, har ƙaramar tana gane shi daga nesa amma ba ta nunawa. Da matar ta tafi na tsaya gaban Goggo.

“Azumi ta sani, ni ban sani ba?”

“Ke bakinki bai iya ƙarya ba,” in ji Goggo. “Ko gishiri kika lasa sai kin zo kin kai ƙarar kanki. Soja ya tambaye ki, ai har launin kekensa za ki faɗa.”

“Ita fa?”

“Ita wa zai tambayi mai majina a hanci?”

Gaskiya ta faɗa, na sani. Amma a lokacin abin da na ji shi ne an ba Azumi uwa, an ba ta uba, ni an ba ni albasa.

Da damina ta yi nisa, babbar Sallah ta matso, Goggo ta ce za mu Bawku. Na yi kwanaki ina shirya abin da zan ce wa Mma, da muka isa kuwa na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana duban tukunya, ta ce wa Goggo waccan ta yi tsawo. Azumi ta yi ƙiba, an yi mata kitso ƙanana da wuri a goshi, tana jin yaren Kusasi na mutanen garin tana yi mini gwalo da shi. Ranar kasuwa da azahar wani manomi ya shigo gidan da keke, da kwandon zabi a baya, da malafa ta rufe masa fuska. Sai da ya cire malafar na ga tabon kwalbar, layi-layi inda gashi bai sake fitowa ba. Kafin in motsa Azumi ta haye jikinsa tana lalube masa aljihu. Ya ciro dafaffen ƙwan zabo ya ɓare mata da hannunsa. Shi ma ai ’yar farinsa ce ni, ga yayarsa a zaune, ga sunan mahaifiyarsa a kaina. Ya dubi Goggo.

“Uwar tawa tana karatu kuwa?”

“Tana yi. Tsoro ne dai ya yi mata yawa.”

Ya ciro wani ƙwan ya ajiye a bakin tabarma, bai ce na wane ne ba. Na ɗauka na riƙe. Ban ci ba sai da ya tafi, kuma da na zo ɓarewa Azumi ta miƙo hannu, Mma ta ce a ɗan sam mata.

Bayan Sallah Mma ta ce za ta bi mu, ta wuce Salaga ta duba kwanoninta da ta bari wurin maƙwabta. Da Azumi, ba sai na faɗa ba. Kafin mu shiga mota Goggo ta ja ni gefe ta riƙe mini haɓa.

“Yanzu kin ga abin da kika gani. Duk sojan da ya yi miki magana a hanya, ki zama kurma. Ko sunanki ya tambaya. Kin ji ni?”

Na ce na ji. Muka wuce Garu lafiya. A gangaren dutsen Gambaga muka tarar da shingen soja, ganguna da dogon itace a gicciye. Aka sauke kowa, maza gefe, mata gefe, ana kwance ƙunshi ana neman sabulu da sukari. Wanda ya zo layinmu saurayi ne, mutumin kudu, yana Hausar bariki wadda ba ta raba mace da namiji. A lokacin ana ta maganar mata masu kwasar ’yan mata daga arewa su kai su aikatau a Kumasi, wataƙila shi ya sa yake duba yara. Ya nuna Azumi da ke saɓe a kafaɗar Mma.

“Wannan yaro na wa?”

“Tawa ce. Azumi.”

Ya nuna ni. “Wannan fa?”

Mma ta sunkuyar da kai. Ga yayar mijinta a gefenta, ga mata cike da layi. Ta ba da amsar da take bayarwa tun da aka haife ni.

“Ta Goggonta ce.”

Ya juya wurin Goggo. “Kai ka haifa shi?”

Goggo ta ce a’a, ba ita ta haife ni ba, amma bari ta yi masa bayani. Ya daka mata tsawa ya ce bai tambayi bayani ba. Ya koma kan Mma ya ce to ta faɗi sunana in ta san ni. Mma ta ƙara sunkuyar da kai. Ya sunkuyo daidai fuskata, ina jin warin taba a bakinsa, ya ce in nuna masa uwata. Ku duba halin da na shiga. Goggo ta riga ta ce in zama kurma. In na nuna Mma kuma na mayar da ita maƙaryaciya a gaban soja, na kuwa san abin da suke yi wa wanda suka ce ya yi ƙarya. In na nuna Goggo ni na yi ƙaryar. Na tsaya kamar itace. Kuma tun da na yi alkawarin faɗin gaskiya, a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da yake jira ya ji me Mma za ta ce.

“Yaro ba uwa, ba suna,” in ji sojan. “Yaron sata ne. Mota ya tafi, shi ya zauna.”

Ya damƙi wuyan hannuna ya ja ni wajen rumfarsu. Takalmina ɗaya ya cire. Ina jin Goggo tana salati tana kiran direba.

Sai Mma ta sauke Azumi. Ba ta miƙa wa kowa ita ba, a ƙasa ta ajiye ta, cikin jar laka, da sabuwar rigar Sallarta. Azumi ta tsala kuka, Mma ba ta waiwaya ba. Ta biyo mu da sauri har mayafinta ya faɗi, ta kama ɗaya hannun nawa. Hannunta da sanyi.

“Maimunatu. Sunanta Maimunatu. Ni na haife ta, a Salaga, a ɗakin uwar mijina. ’Yata ce ta fari. Sake ta.”

Da ƙarfi ta faɗa, har mazan da ke can gefe suka juyo. Wata tsohuwa a layinmu ta rufe baki da hannu. Sojan ya ce ashe ɗazu ƙarya ta yi wa gwamnati. Ya sa ta durƙusa a kan tsakuwa, ya zare bel ɗinsa. Ta ɗaga hannu ɗaya ta kare fuska, ƙarfen bel ɗin ya tsaga mata damtse. Ɗaya hannun bai sake ni ba, duk dukan da ya sauka sai na ji shi a yatsuna. Allah Ya kawo wani kofur dattijo mai tsage a kumatu, mutumin arewa, direba yana biye da shi yana yi masa magana. Kofur ya ce wa saurayin al’adarsu ce, ba sa faɗin sunan ɗan fari, ko a garinsu ma akwai masu yi. Saurayin ya tofar da yawu ya ce al’adar banza. Aka ce mu hau mota.

Goggo ta yaga bakin mayafinta ta ɗaure wa Mma damtse, ba ta ce mata komai ba a kan sunan, a ranar ko bayanta. Na zaci daga nan komai ya canja. Na matsa kusa da Mma a kan benci, har na ɗan jingina da ita. Sai ta miƙa hannun da ba shi da ciwo ta ɗauki Azumi, ta kakkaɓe mata laka, ta ɗora ta a cinya tana lallashi, ta juya fuska waje. Da muka isa Yendi yaron mota ya jefo ƙunshina kamar wancan karon. Na sauka da takalmi ɗaya. Direba ya tayar da mota.

“Yaya,” in ji Mma, “a saya wa waccan takalmi.”

Ban sake jin sunana a bakinta ba har ta koma ga Allah. Baba bai dawo Salaga ba sai da abubuwa suka lafa, a lokacin na girma a hannun Goggo, ba wanda ya ga dalilin ɗauke ni. Daga gidanta aka kai ni gidan mahaifinku. Ranar da aka yanka wa yayanku rago na ɗauke shi na kira sunansa a gaban dangin mahaifinku duka, aka yi ta cewa ba ni da kunya, na ce na ji. Kuma ban ba kowa riƙon ko ɗaya daga cikinku ba, har waɗanda suka yi fushi da ni a kan haka.

Innarku Azumi ba ta yi mini komai ba. Ku riƙe wannan. Yarinya ce aka ɗora a cinya ta zauna. Da muka wanke gawar Mma ni da ita, muka zo kan tabon damtsen, sai ta tsaya da soso a hannu.

“Yaya Maimuna, kin san ni har yau ina tuna lakar nan? Ina ta ihu, ko juyowa ba ta yi ba. Ni ba ta taɓa shan duka saboda ni ba.”

Na ce, “Ke da kika shekara ashirin a cinya.”

“Cinya kowa ma ana ɗora shi. Ke aka zubar wa jini.”

“To mu yi musaya.”

Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta zaci wasa nake. Tun daga ranar, in ta zo muka zauna, ko maganar farashin albasa muka fara sai mun ɓulle nan, ita ta ce laka, ni in ce cinya, shi ne ’yan maganganun da kuke ji. Na sha yin istigfari a kan wannan, don na san abin da Mma ta yi mini a gangaren Gambaga ba ƙarami ba ne, kuma ina yi mata addu’a bayan kowace salla. Amma ba wasa nake ba. Da za a ce yau in ba Azumi ranar shingen, da sunan da tabon duka, a ba ni yamma ɗaya Mma ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta ta yi mini kitso tana hura mini iska a kai, da na bayar.